Gwiwar Hannuna a Dakar

Ƴan gidan nan, salamu alaikum. Wadda ta rubuto mini cewa na cika raha a labarin da ya kamata a yi kuka, ki matso kusa, yau ranarki ce.

Sababbin zuwa, ga ni a taƙaice. Husaina sunana, ƴar Birni a nan Zinder, shekara ashirin da biyar, turaren wuta da humra nake sayarwa ta salula. Babana, Malam Tanimu, baduku ne a Kasuwar Dole. Wanda ke nemana, Dokta Muntari, likitan fata ne, kuma mai bincike a jami'a. Baba na fama da fatar akuya, Dokta na fama da ta mutane, ni kuma ina tsakiya da tawa wadda ba ta jin maganar kowa.

Shekarar da zan yi bak, jarrabawar gama sakandare, abin ya fito mini. Gwiwar hannu duka biyu, gwiwar ƙafa, gadon baya, da ƙeya. Tabo ne mai kauri, baƙi-baƙi, samansa fari kamar an barbaɗa toka, in na sosa ya riƙa zubowa kamar dusa. Babu sunan da ba a raɗa masa ba. Mai farmasi ya ce makero. Wani nas ya ce ƙazuwa. Inna ta ce sammu ne, har da sunan maƙwabciyar da ta yi shi. Na sha rubutu har harshena ya san ɗanɗanon kowane allo a Birni. Sai wata tsohuwa mai magani ta leƙa bayana, ta ja da baya, ta ce wa Inna ƙasa-ƙasa, "Ba dai babbar ba?" Kuturta take nufi. Daga ranar na shiga riga mai dogon hannu ban sake fitowa ba, shekara shida. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da duwatsun Birni za su iya gasa masa, ni ina cikin dogon hannu, ana ta yabona wai ga ustaziya.

Shekara uku ke nan da aka tura ni wajen Muntari a lopital, babban asibitin garinmu. Na shiga da shirin abin da na saba, a tsaya daga nesa a rubuta ordonansi, takardar sayen magani. Shi kuwa sai ya jawo kujera, ya ce in naɗe hannu, ya sa yatsansa tsirara a kan tabon. Ko Inna da tsumma take shafa mini magani.

"Sunansa soriyazis," ya ce.

"Dokta, sunan ma ƙaiƙayi yake yi."

Ya yi dariya har tabarau ya zamo masa. Ya ce ba a ɗauka, ba ƙazanta ba ce, ba kuturta ba ce. Jikina ne ke gaggawar yin sabuwar fata tun tsohuwar ba ta tafi ba. Ba ya warkewa ƙaf, amma yana barci in an lallaɓa shi, kuma damuwa ce babbar mai tashinsa. Sannan ya jawo wani littafi mai kaurin bulo ya buɗe mini. Duk hotunan fatar Turawa ce, tabon ja wur kamar tumatir.

"Kin gani? Likitocinmu wannan suka karanta. In sun ga irin naki, baƙi da toka-toka, ba sa gane shi, sai su ce makero. Ina tara hotunan namu ne, in kin yarda."

Ya kawo takarda, ya karanta mini ita layi-layi da Faransanci, ya sake da Hausa. Ba za a sa sunana ba. Za a rufe idona da baƙin layi. Kuma duk ranar da na ga dama ina iya janye izinina. Na sa hannu, ya ba ni kwafina. Ya ce in ɗora hannun dama a kafaɗar hagu don gwiwar ta fito sosai, ya ɗauka. Ranar hannuna da lalle raɗau, kwana uku da bikin ƙawata Sa'a. Ku riƙe wannan a gefe, za mu dawo masa.

Da pomadi na shafawa da haƙuri abin ya kwanta, ya bar ƴan inuwoyi kawai. Shi kuma sai da ya miƙa dosiyena, fayil ɗin jinyata, ga wata likita kafin ya tako zauren gidanmu, wai haka ƙa'ida ta ce. Mutumin ƙa'ida ne Muntari. Ko zance zai zo sai ya turo mesaji da minti.

Binciken ya fita a wata mujallar likitoci, hotona ne na farko. Tun daga nan Muntari ya samu sabon wuridi. Kowace safiya sai ya duba mutum nawa suka ambaci aikinsa a nasu rubutun, kamar yadda Inna ke ƙirga kajinta.

"Husai, an ambace mu a Brazil."

"Ka ce su aiko da tukuici."

"Husai, mun wuce ɗari huɗu."

Mu. Haka yake faɗa, ni kuma kalmar ta riƙa yi mini daɗi kamar sakarya. Kuma kada in ci haƙƙinsa, aikin ya yi amfani. Ya buga hotunan a manyan takardu, ya bi ƙananan likitocin ƙauye, Gouna, Tirmini, har Damagaram Takaya, yana koya wa nas-nas. Akwai wani Malam Habu a Tirmini, shekara tara ana zuba masa tuwo a kwanonsa shi kaɗai a bakin rumbu. Yanzu da ƴaƴansa yake ci. Ranar da Muntari ya ba ni labarin sai da na juya baya na share ido, na ce hayaƙin turare ne.

An yi gaisuwar iyaye watan jiya. Aka tsayar cewa ranar Lahadi kawunnansa za su zo sa rana. Mahaifiyarsa, Hajiya Ramlatu, tana sona, ko kuma tana son humrata, har yau ban tantance ba. Ba ta san da zancen fatata ba. Na ce masa mu faɗa mata, ya ce sirrin mara lafiya ne, bayan biki zai bi da ita a hankali.

To, ranar Talata da ta wuce yana Dakar, wajen babban taron likitocin fata, an ba shi lambar yabo. Da hantsi ina tsakar gida ina kwaɓa turare, ga garwashi ga sandal, Inna ta fito daga ɗaki da salularta mai fasasshen gilashi, baki har kunne.

"Zo ki ga mutuminki. Kamar minista."

Na karɓa. Ga shi tsaye da kwat baƙa da karabat ruwan toka ɗaure a wuya, makirfo a hannu. Bayansa kuma wani allon majigi, girmansa ya kai bangon ɗakinmu. A kan allon, gwiwar hannuna. Kowane ɓawo ya kai faifai. Sama kaɗan haɓata da bakina, sai baƙin layi a kan ido. Ga hannun nan a kafaɗa, lalle ya fito har ƙananan ganyen.

"Na sa a sitati, duk mai lambata ya gani," in ji Inna. "Na rubuta, Allah ya ƙara ɗaukaka surukina."

Uwar da ta haife ni ba ta ga gwiwata ba, karabat take kallo. Kafin azahar hoton ya zagaye Zinder. Danginsa kaf, abokansa, ɗalibansa, har mai kai mini gawayi ya sa. Na ce wa kaina, Husaina kwantar da hankali, an rufe ido. Amma tun la'asar ɗin ƙeyata ta fara ƙaiƙayi.

Ranar Alhamis da safe mesaji ya shigo daga Balki, ƙanwarsa. "Matar yaya, muna tafe ni da Gwaggo Zainab, gaisuwa."

Balki mai lalle ce, kuma duk Zinder an san hannunta. Tsarata ce, muna wasa sosai. Ita ta yi mana lalle a bikin Sa'a, tun ban san tana da yaya likita ba. Gwaggo Zainab kuwa yayar mahaifinsu ce, irin matan nan da ba sa fita gaisuwa sai da dalili.

Inna ta shimfiɗa sabuwar darduma a falo, ta kawo ruwan sanyi da alkakin da muka fara yi don ranar Lahadi. Gwaggo ta shigo cikin shadda ruwan ƙwai mai maiƙo, mayafi fari, carbi a hannu. Balki cikin laffaya shuɗiya, da ƴar jakar kayan aikinta, idonta a ƙasa. Ni kuma atamfa kore, hannu har wuya kamar kullum. Na durƙusa na gaishe da Gwaggo, ta amsa tana ƙare wa hannun rigata kallo.

"Matar yaya," Balki ta ce, murya ba irin tata ba, "lallen gwaji na zo in yi miki. Kyauta. Har gwiwa."

"Kyauta daga hannun Balki? Bari in leƙa waje ko rana ta fito daga yamma."

Babu wanda ya yi dariya. Gwaggo ta gutsuri alkaki, ta ce, "Nuna mata."

Balki ta miƙo mini salula. Hotuna biyu ne a jere. Na hagu, allon Dakar an jawo shi kusa. Na dama, hannuna a bikin Sa'a, wanda ta ɗauka don shafinta na talla, da sunana a ƙasa. Zane ɗaya, ganye ɗaya.

"Kin san ni," ta ce. "Duk zanen da na gama sai na sa ɗigo uku da ƴar ƙugiya a ƙarƙashin ƙashin wuyan hannu, don kada ɓarayin hoto su ce nasu ne. Ranar mutum goma sha ɗaya na yi wa, ke kaɗai kika hana ni ɗaga hannun riga."

Na duba. Ga ɗigo uku, ga ƙugiya, a Dakar, gaban likitocin duniya. Turawan mujalla da manyan farfesoshi sun zauna sun yi ƙa'ida, a rufe ido. Ba su san a garin nan mai lalle na gane zanenta ko a cikin dubu ba.

Inna ta yi wuf. "Ai ƙuna ce, Hajiya Zainab. Ruwan zafi ne ya zubo mata tana rarrafe."

"Ƴar nan," Gwaggo ta ce da ni, ko kallon Inna ba ta yi ba, "ba faɗa ya kawo mu ba. Gani muka zo yi."

To me ya rage? Na ɓalle maɓallin, na naɗe hannun riga da kaina, dama da hagu, na miƙa su gabanta kamar mai tallan rake. Gefen tsohon tabon ya riga ya fara yin fari.

Gwaggo ta duba. Sannan a hankali ta ajiye guntun alkakin a bakin faranti, ta goge yatsunta da gefen mayafi, ɗaya bayan ɗaya.

"Ni na murza shi, Gwaggo," na ce. "Wanda kuka riga kuka haɗiye kam sai haƙuri."

"Husaina," in ji Inna.

"Ba a ɗauka, Gwaggo. Ɗanku ne ya faɗa wa duniya, har lamba aka ba shi."

"Ɗan namu kuma da hannunsa ya rubuta ana gadon ciwon. Balki, karanta."

Ashe sun nemo rubutun. Balki ta karanto layin da Faransanci, ta juya shi da Hausa tana inda-inda: kusan mutum ɗaya cikin uku na masu ciwon, akwai mai irinsa a danginsu.

"Sauran biyun fa, ina aka kai su?" na ce. "Ni da Hassan ɗinmu wata tara muka yi ciki ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, ko ɗigo ba shi da shi. Balki, layin da ke sama fa, mai cewa ba a ɗauka? Karanta musu shi ma, ba a biyan kuɗin karatu."

Balki ba ta ɗago ba. Gwaggo ta miƙe, ta gyara mayafi, ta yi wa Inna godiyar ruwa wanda ba ta sha ba.

A zaure Balki ta riƙo gefen zanena. Idonta ya kawo ruwa.

"Wallahi murna ce ta ja ni. Na ga zanena a allo, na tura gurup ɗin gida na ce ku ga hannuna ya je Dakar kafin ƙafata. Na haɗa da na shafina don su yarda. Sam ban kula da gwiwar ba, sai da Hajiyarmu ta ce hannun wa ne wannan."

"Allah ya ƙara kasuwa," na ce. Na cire zanena daga hannunta.

Kun ga abin haushin? Ko wanda zan tsana da kyau babu.

Muntari ya sauka Juma'a. Asabar bayan la'asar ya turo, "Ina ƙofa nan da minti goma." Minti goma cif ya yi sallama. Farin yadi, hula zanna, leda a hannu da tsarabar Dakar, wani leshi da kwalbar turare. Turare, ni mai turare. Ya zauna a kujerar roba, ni a tabarma, baƙar abaya a jikina.

"Sannu da zuwa, Dokta. Ya Dakar? Ya gwiwata, ta gaji da hanya?"

"Husai, kuskurena ne. Na bi ƙa'ida, ido aka ce a rufe."

"Wa ke gane mutum da ido a garin nan? Mai niƙabi ma daga tafiyarta ake cewa ga ƴar gidan wane. Kai a gidan mai lalle ka tashi."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Hajiya ba ta ci abinci ba tun Alhamis. Jininta ya hau. Na ce ko za a ɗaga zuwan su Kawu kaɗan."

"Kaɗan ɗin nan ina bakinsa?"

"Har ta huce."

"Mutum ɗari biyar ka tsaya gabansu ka ce ba a ɗauka, ba abin gudu ba ne, suka tafa maka. Mace ɗaya ce ta gagare ka?"

"Su ba su haife ni ba."

Wannan kam gaskiya ce, na ba shi ita. Na ce, "Ka dai yi mata bayanin?"

"Na yi. Ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce in dafa Alƙur'ani jikokinta ba za su gada ba."

"Ka ce?"

"Ba zan rantse a kan abin da na san ba ni da tabbacinsa ba."

"Ni ma ban ce ka yi ƙarya ba, Dokta. Cewa za ka yi, Hajiya, ko sun gada ina so. Maganinsu a gida yake, ubansu ne gwanin ƙasar. Ka faɗi haka?"

Ya mayar da idonsa kan ledar tsaraba. A waje mai ruwa na wucewa da kurarsa, jarkoki na kaɗawa. Ina jin su har suka sha kwana.

Ban san ina sosawa ba sai da na ga idonsa ya sauka kan cinyata. Farin ɓawo ya zubo a kan baƙar abaya kamar garin rogo.

"Ya tashi?" ya ce. "Mu gani."

Na naɗe. Ya matso, ya gyara tabarau. Ƴan gidan nan, na san idon Muntari kala biyu. Akwai wanda yake kallona da shi in na ba shi dariya. Akwai kuma wanda yake duba lambar nan da shi kowace safiya. Na biyun ne ya fito.

"Tun yaushe?"

"Talata."

"Kwana huɗu, ya yi wannan kaurin? Kuma daga gefen tsohon ya faro, ba daga tsakiya ba." Hannunsa ya tafi aljihun gaba, inda salularsa take. Ya taɓa ta. Sai ya tuna, ya sauke hannun ya ɗora a gwiwa.

Amma na gani. Shi ma ya san na gani.

Na tashi na shiga ɗaki. Takardar izinin da na sa wa hannu na nan a ƙasan akwati cikin leda, tare da sakamakon bak. Na dawo na tsaya a kansa na karanta masa layin ƙarshe, da Faransanci, na sake da Hausa, yadda ya yi mini shekara uku da suka wuce. Duk ranar da na ga dama.

"Husai, kin san abin da wannan zai jawo? Kwamitin lopital zai tambayi dalili. In aka ji an gane ki, za a buɗe dosiyen gaba ɗaya, mujalla za ta cire hoton, ƙila ta dakatar da rubutun. Takardun da muka manna a ƙauyuka duk sai an sauke. Ki tuna Malam Habu."

"Ina tune da shi. Shi yanzu da ƴaƴansa yake cin tuwo. Ni shekaranjiya gwaggonka ta goge yatsu don ta taɓa alkakina."

"Kada ki haɗa wannan da wancan."

"Ai ba ni na haɗa ba, a jikina suke tare. Ba ciniki nake da kai ba, Dokta, ba na son mijin da takarda ta kawo. Amma gwiwata ba za ta zauna a falon Hajiya cikin firam tana jawo muku albarka, ni mai ita ina waje ba. In ana so, a ɗauke mu tare. In ba a so, a maido mini kayana. Gobe Lahadi."

Ya tafi ya manta ledar tsarabarsa. Ko kuma bai manta ba, oho.

Na ce wa Inna kada a wahala, ta ce bakina ya sari ɗanyen kashi, mutanen kirki ba sa saɓa rana. Lahadi tun safe aka share zaure aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi uku da darduma. Goro a faranti an rufe da jiƙaƙƙen algarara, alkaki cike da kwalla biyu. Turarena mafi tsada na sa a kasko, wanda nake ɓoye wa amare. Baba ya sa babbar rigarsa ta salla, ya kira ƙannensa biyu. Hassan ya rufe shagonsa ya zo ya tsaya a ƙofa yana duba kowace mota.

Azahar ta wuce. La'asar ta wuce. Su Baba suka je masallaci suka dawo suka sake zama. Garwashin ya mutu na sake hura wani.

Biyar da minti arba'in salulata ta yi ƙara. Mesaji ne daga Muntari. Na buɗe.

"Husai, don Allah kada ki kai takardar nan tukuna. Mu yi magana."

Na karanta sau uku ina neman wata kalma. Babu Kawu a ciki. Babu Hajiya. Babu a ba Baba haƙuri, dattijon da ya zauna tun azahar cikin babbar riga yana zufa. Takarda kawai.

Da aka kira magariba Baba ya shigo tsakar gida, ya tuɓe rigar, ya ninke ta da kansa yadda yake ninke fata mai tsada. Bai dube ni ba, ba don fushi ba, na san shi. Ya ce wa Inna, "A raba wa maƙwabta alkakin, kada ya lalace."

Yau Litinin. Da safe na ɗauko atamfar nan kore, na ɗauko almakashin Baba na yankan fata, na datse hannuwan daga saman gwiwa. Ko kalmasa ban yi ba. Na yafa gyale a kai da kafaɗa, na sa takardar a jaka. Inna na bakin murhu ta ɗago.

"Haka za ki fita? Ina hankalinki? Mutane fa."

"Inna, Dakar ta gani. Birni ce za a ɓoye wa?"

Iska ta taɓa gwiwata a kan kabu-kabu, na manta yadda abin yake. Mai mashin ɗin ya leƙa madubi sau biyu, na ce masa ya kalli hanya, ba a ɗauka, amma karaya ana samu.

A lopital, buron kwamitin, wato ofishinsu, yana layi ɗaya da ɗakin duba masu ciwon fata, banci ɗaya ake jira. Na ba sakatariya sunana, ta ce in zauna. Ina ɗaga kai, ga ni manne a bango. Gwiwa, haɓa, baƙin layi, ɗigo uku da ƙugiya. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe, da Faransanci da Hausa: BA KUTURTA BA CE. BA A ƊAUKA.

Kusa da ni wata mata ce daga ƙauye, zanenta ya koɗe, takalmin roba, da ƴarta budurwa wadda ba za ta wuce sha shida ba. Yarinyar na cikin dogon hijabi har ƙasa, ta cusa hannuwa ciki. Na san wannan zaman, ni na ƙirƙiro shi. Uwar ta dubi bango, ta dubi gwiwata, ta sake duban bango.

"Baiwar Allah, ke ma irin na hoton ne?"

"Irinsa ne sak."

"Daga Gouna muke. Shekara biyu ba ta zuwa rijiya, an hana ƴaƴa zama da ita. Sai nas ɗinmu ya kai mu gaban irin wannan takardar, ya ɗora hannunta kusa, ya ce ku duba da kanku. Shi ya turo mu nan." Ta gyara wa ƴar hijabi. Yarinyar na satar kallon hannuna, yadda yake a waje, ba a rufe ba.

Salula ta fara rawa a jakata, karo na tara tun safe. Muntari ne. Jiya da Baba ke zaune ko sau ɗaya bai kira ba. Takardar na hannuna, ta jiƙe da zufa ta gefe.

Matar ta matso, ta rage murya don kada ƴar ta ji, ta nuna bango da haɓa.

"Ke da kike ƴar gari, ƙila kin sani. Ita wannan ta hoton, na ga har da lallenta. Ta samu miji?"

Ni Husaina, da ban taɓa rasa amsa ba tun da na fara magana, na buɗe baki babu abin da ya fito. Daidai nan ƙofa ta buɗe, sakatariya ta leƙo da biro a hannu.

"Husaina Tanimu, shigo da takardarki."